Hannun da Gambo Ya Ƙi Kai Wa Ƙasa

A zamanin da fatake ke ratsa dajin Birnin Gwari da jakuna da bayi a ɗaure, an yi wani ɗan kokawa mai suna Gambo. Manomi ne ɗan manomi, gajere, ƙugunsa kamar turmi. Gonar ubansa na can bakin daji, inda dawa ke ƙarewa ɗorawa ta karɓa.

Maƙwabcin gonar wani Bagwari ne, Bakoji, wanda a ƙuruciyarsa bayansa bai san ƙasa ba. Shi ya ɗaura wa Gambo, wanda yake kira ɗan Ladi, warki na farko, shi ya koya masa kayen maraƙi: ka bar abokin karawa ya turo da duk ƙarfinsa, ka sake masa, ka sa ƙafa bayan diddigensa, ka murɗa kafaɗa yadda makiyayi ke kwantar da maraƙi in zai ba shi magani.

"Ba nawa ba ne," in ji Bakoji. "Wani Bafulatani, Bappa Yero, ya nuna mini a mashaya. Shi kuma wani maharbi Bakamuke ya gyara masa tsayuwa. Kaye rafi ne, ɗan Ladi, kowane gari da sunan da yake kiransa, ruwan ɗaya ne."

Tare da kayen akwai ƙa'ida, kuma Bahaushe da Bagwari da Bafulatani da Bakamuke duk sun santa. A kokawa, wanda hannunsa ya taɓa ƙasa ya faɗi. Saboda haka in fili ya haɗa ka da wanda ya koya maka, sai ka durƙusa ka dafa ƙasa, ka ba shi kaye kyauta. Ba a ƙirga wannan faɗuwa, gaisuwa ce.

Gambo ya shiga Birni, ya yi suna, ya auri Furera. Sunan na girma, labarin na canzawa. A kirarinsa ya fara cewa kayen gadon kakansa ne, daga baya ma ya ce aljani ya ba shi a gindin tsamiya.

Wata kaka mahara suka faɗa wa ƙauyukan bakin daji. Ranar kasuwa sai ga Bakoji cikin bayin wani madugu, Ja'afaru, igiya a wuya, furfura ta cinye kansa. Madugun ya ji an ce tsohon ɗan kokawa ne, ya so nishaɗi kafin ayari ya tashi. Ya rantse a gaban jama'a: in tsoho ya kayar da zakaran garin, ya 'yantu, in zakara ya kayar, riga mai aska takwas tasa ce.

Kasuwa ta yi ajiyar zuciya, don kowa ya san wane ne zakara, tsofaffi kuma sun san inda aka ƙyanƙyashe shi. Furera ta ja hannun mijinta.

"Maigida, ai Baba Bakoji ne. Dafa ƙasa kawai, mu tafi da shi gida ya sha kunu."

Nababa makaɗi ya saki ganga. Aka kwance igiya, Bakoji ya shigo fili yana ɗingishi, yana murmushi.

"Ɗan Ladi, ka yi ƙiba. Tuwon Birni ya karɓe ka."

Wani mahauci ya kwashe da dariya daga bayan taro: "Ashe aljanin tsamiyar nan Bagwari ne!"

Dariya ta zaga. Gambo ya dubi masu dariya, ya dubi rigar da aka baje a kan buhun gishiri.

"Tsoho," ya ce, "wa ka sani a nan?"

Bakoji bai ko ɗaga hannu ba. Ya matso kamar mai zuwa karɓar gaisuwa. Gambo ya sa ƙafa bayan diddigen da ya koya masa tsayuwa, ya murɗa. Ƙarar da bayan tsohon ya yi a ƙasa ba ta fi ta ƙwaryar da ta tsage ba.

Ganga ta mutu a hannun Nababa. Wani Bafulatani da ya kawo shanu ya tofar da yawu, ya ɗauki sandarsa ya juya baya. Ba wanda ya yi guɗa. Ƙudaje ne kaɗai suka ci gaba da shagalinsu a kan faifan mahauta. Bakoji ya tashi zaune, ya karkaɗe ƙura, ya ce a hankali:

"Ƙafarka ta yi nisa da diddige. Na sha gaya maka."

Aka mayar masa da igiya. Washegari ayari ya shige daji, ba a ƙara jin labarinsa ba.

Gambo ya sa rigarsa. Ta yi masa kyau, abin ƙyamar ke nan. Amma daga ranar, in ya shiga fili sai samari su zauna, ganga ta yi shiru. Ba a ƙara kayar da shi ba, don ba wanda ya yarda ya taɓa jikinsa. Furera ta koma gidan iyayenta, ta ce ba ta iya cin tuwo kusa da hannun nan.

Ya yi tsawon rai. Ya tsufa a ƙofar gidansa yana kiran 'ya'yan maƙwabta su zo ya nuna musu kayen maraƙi, iyayensu na janye su kamar daga bakin masai. Kayen bai mutu ba, har yau ana yinsa a rugage da ƙauyukan daji, kowa da sunan da yake kiransa. Ta wajen Gambo ne kawai bai wuce ba.

Da ya rasu, maƙwabta suka sallace shi, suka kai shi. Ranar ce hannunsa ya taɓa ƙasa.