Abin da Aka Ɓoye a Cikin Kwalla

Ko da zan manta sunana, ba na jin zan manta abin da ya faru a tsakar gidana a Kwaciri ta Fagge, cikin Kano, saura kwana biyu Ƙaramar Sallah, ba a daɗe da soja suka miƙa mulki ba.

Maigidana yana sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa. A shekarar sau biyu 'yan fashi suna tare shi a hanya, na biyun har da fasa masa kai. Tun daga nan ya zama shiru-shiru, ni kuwa ban matsa da tambaya ba. Ashe wani abokinsa ya samo masa ƙaramar bindiga ƙirar maƙera. Ya rasa inda zai ajiye, sai ya naɗe ta a tsohon rawani, ya jefa cikin babbar kwallar da ke can saman kabet ɗin jerena. Shi a tunaninsa kwanukan nan ado ne kawai, ba mai buɗe su. Namiji ke nan! Shekara tara muna tare, bai san duk gabanin Sallah sai na sauke su kaf na wanke ba, don lokacin yana kasuwa.

Ranar da hantsi na taka kujera ina miƙo wa 'yata kwanukan, tana kaiwa tsakar gida. Shekarunta bakwai. Na ji kwallar da ɗan nauyi, na ɗauka ƙananan langa ne a ciki. Muna cikin haka sai ga sallamar telata daga Sabon Gari ta kawo ɗinkin Sallah. Ibo ce, amma a Kano aka haife ta, Hausa kuwa sai dai ta koya mini. Hajiya take ce mini, alhali ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba, ni kuma ina ce mata Madam. Ta zo da 'yarta, sa'ar tawa, waɗanda in suka haɗu ba mai jin kansu. Muka shige ɗaki gwada riga, tana tsokanata wai azumi ya ramar da kowa ban da ni.

To, a makon nan 'yata ta ishe ni da roƙon bindigar roba irin wadda ta gani an baza a kasuwar Bata, na ce wannan wasan maza ne. Kuma ta san halina, takalmin Sallah da 'yan kunne a cikin kwanukan nan nake ɓoye mata. Da ta warware rawanin, sai ta ɗauka na sayo mata ne a ɓoye. Na ji muryarta da kunnena tana murna tana cewa, "Zo ki ga abin da Umma ta saya mini."

Sai ƙara.

Na fito da hannu ɗaya cikin riga. 'Yar Madam tana zaune a ƙasa jikin randa, jini yana bin kafaɗarta ta hagu, ba ta ma yi kuka ba, kallon uwarta kawai take. Tawa kuma tana tsaye ƙiƙam da abin a hannu. Madam ce ta fizge sabon ɗankwalina ta danne wurin, ta saɓi yarinyar ta yi waje ba takalmi. Wani maƙwabcinmu mai tasi ya kai mu asibiti, ina riƙe da ƙafafun yarinyar suna ta yin sanyi a hannuna. Ina salati, uwarta tana kiran Yesu, ba wadda ta kalli wata.

Aka shiga da ita, muka zauna a benci har la'asar. Maigidana ya iso a guje, ya durƙusa gaban Madam a gaban mutane, hularsa a hannu. Na so in zage shi tas, amma da na gan shi a durƙushe sai na kasa. Abin da ya iya faɗa mini shi ne dominmu ya sayi bindigar. Daga nan da ƙafarsa ya kai kansa wurin 'yan sanda, ya kuma sha wahalar da ya sha.

Allah ya yi yarinyar tana da sauran kwana a gaba. Likita ya ce ta tsira, sai dai hannun ba zai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba.

Da na koma gida sai na tarar da wani ciwon. 'Yata ta shige ƙarƙashin gado, ba ci, ba magana. Ranar Sallah ko kallon ɗinkin ba ta yi ba. Rana ta uku na kai abinci asibiti ina sunkuyar da kai, Madam ta tambaye ni ina 'yarta ta Fagge, wato tawa 'yar. Na faɗa mata gaskiya. Ta ce in je in kawo ta yanzu. Na kawo ta tana turjewa. Matar nan da ba ta runtsa ba kwana uku ta ɗora ta a cinya, ta riƙe fuskarta ta ce, "Kalle ni nan. Ba ke kika yi ba. Mu manya ne muka yi, kin ji?" A nan yarinyar ta fashe da kuka, nima na bi ta.

Yau dukansu biyun matan aure ne. 'Yar Madam tana zuwa gaishe ni, kuma duk sanda zan ga ta goya ɗanta da hannu ɗaya sai zuciyata ta karye.

Abin da na koya shi ne, babu wani lungu a gida da hannun yaro ba ya kaiwa, kuma abin da miji ya ɓoye wa matarsa bai ɓoye wa 'ya'yansa ba. Shi ya sa yanzu kafin jikana ya shiga wasa gidan kowa, sai na tambayi matar gidan ido da ido ko akwai bindiga, in ta ce ba ta sani ba in ce ta tambayi mijinta. Wasu suna jin haushi, suna cewa tsohuwar nan ba ta da ta-ido. Su faɗa. Ni na riƙe ƙafar yarinya tana sanyi a hannuna, su ba su riƙe ba.