Layin da Ya Goge Sunan Madam Rifkatu

Jama'a, wallahi tallahi wannan abu a gabana ya faru, ba wani ya ba ni labari ba. A ƙarshen shekarun casa'in nake aiki a wani ɗan ofishin buga takardu na makarantar mishan a Kafanchan, inda wani Bature ya tafi ya bar mana tsohuwar kwamfuta mai tsarin aiki da ake kira Unix, uwar inji ɗaya, allo uku a jone da ita. Babu hoto babu komai, umarni kake rubutawa da hannu. Idan kana son maimaita na baya, sai ka danna maɓallin kibiyar sama, ya dawo, ka buga maɓallin Enta ya aiwatar.

Mu biyu ke wurin, ni da Madam Rifkatu, 'yar Kagoro, mai buga rubutu, mace mai dariya kamar ba ta san damuwa ba. Matsalarmu ita ce kowane allo da nasa tarihin umarnin, kuma wanda aka rufe a ƙarshe shi ke shafe na sauran. Umarnin firinta dogo ne, kullum sai ta sake rubuta shi tana tsaki. Ta ce min, "Malam, wannan injin naka ba shi da kirki. Na rubuta a allon bakin taga, na zo na bakin ƙofa ya manta ni."

Sai na zauna na gyara, na sa duk abin da aka rubuta a kowane allo ya zuba wuri guda nan take. Har ƙosai ta saya min don murna.

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, na danna kibiyar sama, sai ga layin da ban rubuta ba: umarnin goge sunan Rifkatu daga kwamfutar. Gabana ya faɗi, domin ba a rubuta wannan sai ma'aikaci ya bar aiki ko ya rasu, kuma ni kaɗai na san shi. Na share shi. Na sake dannawa, yana nan. Na warware gyaran da na yi gaba ɗaya, na kashe injin na kunna, kai, yana nan a kowane allo, kuma kullum shi ne na ƙarshe, shi kibiya ke fara kawowa.

Na nuna mata. Tsorona shi ne dukanmu da babban makulli muke shiga don firinta, wato kalmar sirrin mai iko da komai, wanda injin ba ya yi wa musu, ita kuma hannunta ya saba, kibiya da Enta tare take bugawa ba ta duba allo. Na roƙe ta don Allah ta riƙa dubawa. Ta kwashe da dariya, ta ce, "Malam, sunana yana littafin rai wurin Yesu. Wannan akwati ba zai iya goge shi ba."

Ta kiyaye na ɗan lokaci. Ran wata Juma'a aiki ya yi yawa, katin biki, jama'a sun cika ƙofa, ni ina ɗaura takalmi zan tafi masallaci, sai na ji ƙas-ƙas, sau biyu da sauri. Na san wannan ƙarar, kibiya da Enta ke nan. Na juyo, ta ɗaga hannu daga madannin tana kallona. Ta ce, "Kash, na manta."

Na fasa fita, na duba, sunanta ya goge, na yi ta ƙoƙarin mayar da shi, injin ya ƙi, ba tare da ya faɗi dalili ba. Ta dafa teburina ta ce in bari sai Litinin, ta hau bas ta tafi gida lafiyarta ƙalau.

Ran Lahadi tana tsaye cikin mawaƙa a coci ta sulale ƙasa, shi ke nan. Ba ciwo, ba komai.

Ran Litinin mijinta ya kawo min tsarin jana'izarta in buga. Na zauna na danna kibiyar sama. Layin nan ya ɓace. Abin da ya fito shi ne dogon umarninta na firinta, a shirye, Enta kawai yake jira. Da shi na buga, ina kuka.

Na tambayi malamai, na tambayi masana kwamfuta, babu wanda ya ba ni amsa. Ku da kuke haɗa tarihin allunanku wuri guda, ku duba abin da kibiya ta kawo kafin ku buga Enta. Ko da yake, gaskiya, ni na duba, na gani, na kuma faɗa mata, bai hana komai ba.