Kuɗin Sallamar Malam Sabo

Har yau ban manta da ranar da Malam Sabo ya zauna a gaban teburina ba. Lokacin ina jami'in kula da abokan hulɗa a reshen bankinmu na Ɗambatta, wato ni ke buɗe asusu, ni ke yi wa mutane bayani. Shi kuwa tsohon malamin firamare ne daga wani ƙauye kusa da Tsanyawa. An biya shi kuɗin sallama bayan doguwar jira, ya zo ya ji yadda zai adana su.

A watan nan gwamnati ta fitar da sukuk, an kuma ba kowane reshe adadin da ake so ya sayar. Ga wanda bai sani ba, sukuk takardar zuba jari ce da babu kuɗin ruwa a cikinta. Ana gina hanya da kuɗinka, ana biyan ka hayar kasonka lokaci-lokaci, kuma ba a cire haraji a abin da ka samu. Sai dai uwar kuɗin takan zauna shekaru. In ka matsu kafin wa'adi, sai an nemo mai saye, wataƙila a farashin da bai kai naka ba. Asusun ajiya kuwa kullum kuɗinka na hannunka, amma tsadar kaya na cin darajarsu a hankali.

Na shimfiɗa masa wannan duka. Ya saurara da kyau, ya tambayi halaccin abin, na gaya masa malamai sun duba tsarin. Sannan ya ce, “Ɗana, in na wayi gari ina bukatar kuɗina kafin azahar fa?”

Na ce, “Baba, akwai abin da kake hange ne?”

Sai a nan ya faɗa mini cewa matarsa, Inna Hajara, na fama da ciwon ƙoda, duk wata sai sun hau mota zuwa asibiti a Kano.

Ƙa'ida ce babban kuɗi sai manaja ya sa hannu, don haka na shiga wurinsa. Mutumin kirki ne, amma daga sama an matsa masa. Ya ce, “Ka sa shi ya zuba duka. Kana ganin yadda kaya ke tashi, a ajiya narkewa za su yi.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, gaskiya ne. Amma yana da majinyaciya a gida.”

Ya ce in yi yadda na gani, amma in san cewa ba mu cika adadinmu ba. Ba mu cika ɗin ba kuwa, an kuma rubuto mana takardar tuhuma.

Na shawarci Malam Sabo ya sa kashi ɗaya cikin uku a sukuk, sauran ya bar su a asusun ajiya marar ruwa. Haka ya yi.

Da damina ta faɗi, jikin Inna Hajara ya rikice, aka fara yi mata wankin ƙoda. Na riƙa ganinsa a layi, ya cire kuɗi ya wuce tasha. Kuɗin ajiyar suka yi ta raguwa, magani kuma na ƙara tsada. Kafin girbi Allah ya yi mata rasuwa.

Bayan sadakar arba'in ya shigo, ya rame ƙwarai. Na yi masa ta'aziyya. Shi ne ya ce, “Kwananta ne ya ƙare. Amma ko sau ɗaya likita bai rubuta magani na ce mata ta jira ba. Wannan na zo in gaya maka.”

Hayar sukuk ɗin ita ke saya masa taki har yanzu.

Ku da kuke kan teburin nan a yau, lissafin manaja daidai ne, kuɗin da ke kwance suna narkewa. Amma kafin ku gaya wa mutum inda riba ta fi yawa, ku tambaye shi wa ya baro a gida. Yawancin mutanenmu ba za su faɗa ba sai an tambaye su.