Takardar Da Saje Jona Bai Sa Wa Hannu Ba

Duk wanda ya yi karatu a Sashen Tarihi na jami'ar nan ya san Dokta Jona Wakawa, ko da bai taɓa zama ajinsa ba. Dogon dattijo ne mai furfura, takalminsa kullum sai sheƙi, kunnensa na hagu kuma ba ya ji. In ka yi masa magana ta wannan ɓarin, to ka yi da bango. A takarda Dokta ne, amma daga masu shara har shugaban sashe, Saje suke ce masa.

Sajen ne kuwa na gaske. Daga wani ƙauye kusa da Biu ya fito, ya shiga soja yana da shekara goma sha tara, don a gidansu bakuna sun fi hatsi yawa. Ya je yaƙin Laberiya, can ya baro kunnen. Abokansa in an sami sarari sai karta, shi kuwa sai ya ja gefe da littafi. Ya yi shekara ashirin da biyu cikin kaki, ya fito da igiya uku ta saje, ya shiga jami'a ya zauna aji ɗaya da sa'annin 'ya'yansa. Matarsa Phebe ce ta riƙe gidan da sayar da wake da barkono a kasuwar Gamboru, har ya haɗa digirinsa uku aka ɗauke shi koyarwa.

To amma hali zanen dutse. Kakin ya cire, sojan bai fita ba. Ƙarfe takwas yake rufe ƙofar aji, ko ɗan wa ne ya makara sai ya tsaya waje. Kiran suna a tsaye yake yinsa, kuma wanda aka kira sai ya miƙe. Malamai suna yi masa dariya a bayan ido. Amma da tsiyar 'yan tada ƙayar baya ta taso, aka tona rami aka kewaye makarantar, aka girke sojoji a bakinsa, sai ga shi kowa Saje yake nema. Wa zai je bariki ya yi magana? Saje. Wa zai karɓo ɗalibin da aka tsare a shinge don ya manta katinsa? Saje. Shi ne ma ya dage, ya hana kowa sakat, har aka buɗe ajin ranar Asabar don ƙananan sojoji masu son karatu.

A wannan ajin ya haɗu da Kofur Babagana, Babarbare ɗan unguwar Hausari. Wallahi yaron yana da kai. Kundin kammala karatunsa a kan tarihin Kasuwar Shanu ya rubuta shi. Duk ranar da ya sami hutu yana can cikin kashin shanu, yana tambayar tsofaffin dillalai hanyoyin da garke ke bi tun daga Chadi. Saje ne mai duba aikin. Ya ƙaunaci yaron nan har ransa, kansa yake gani a jikinsa, amma ko sau ɗaya bai faɗa masa ba. Iyakar yabonsa shi ne, "Ba laifi, a sake gyarawa."

Wata Laraba, saura mako uku Babagana ya kare kundinsa a gaban malamai, sai ga shi a ofis cikin kaki, da takarda a hannu. An ce bataliyarsu za ta tashi zuwa arewa, wajen Tafkin Chadi. Kwamandansu ya ce duk wanda ya kawo shaida daga makaranta cewa yana da jarrabawa, za a bar shi a bariki. Takardar an riga an buga ta, babu ƙarya ko ɗaya a cikinta. Hannun mai duba aiki kaɗai ya rage.

Saje ya karanta ta sau biyu, ya ɗaga kai.

"In ka zauna, wa zai tafi a madadinka?"

"Ban sani ba, Oga. Za su sa wani."

"Shi wanin ba shi da uwa?"

Babagana ya ce, "Oga, iyalina watanta ya tsaya. Haihuwar fari ce."

"Nawa biyu aka haifa ina Laberiya," in ji Saje. Ya tura masa takardar. "Soja ba ya ɓuya a bayan takarda. Je ka ka dawo. Kundinka yana cikin durowata, ni zan riƙe maka wurinka."

Yaron ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ƙame, ya sara masa, ya fita.

Kai, Allah wadaran taurin kai! Da wani malami ne, ko karantawa ba zai yi ba, zai rattaba hannu ya ce Allah ba da sa'a. Mutum ɗaya tak a duk jami'ar da zai iya ƙin sa hannun nan, shi ƙaddara ta kai yaron wurinsa.

Bayan wata biyu aka kai wa sansaninsu hari. Wasu sun dawo da ƙafarsu, wasu an dawo da su a mota. Babagana babu shi a cikin waɗannan, babu shi a cikin waɗancan. Aka rubuta a gaban sunansa cewa ba a san inda yake ba.

Daga ranar Saje ba shi da wani aiki a duniya sai riƙe wurin da ya yi alkawari. Dokar jami'a ta yanka wa kowane ɗalibi shekarun da zai yi, in sun cika a soke sunansa. Kowace shekara sai Saje ya miƙe a taron malamai ya roƙi a ƙara wa Babagana lokaci. Ya yi sintiri bariki har masu gadin ƙofa suka daina tambayarsa wurin wa ya zo. In ya ji an kuɓutar da mutane daga daji, sai ya hau keke ya je sansanin, ya yi ta nuna hoton yaron, yana juya kunnensa na dama don kada amsa ta wuce shi. A ajin Asabar kuwa bai fasa kiran sunan ba. Sai ya kira, ya tsaya, ajin ya yi tsit, sannan ya wuce na gaba. Phebe ta ce masa, "Baban yara, wannan abin zai kashe ka." Ya ce to.

Da shekarun suka zo ƙarewa, sai ya nemi a ba Babagana digirin a matsayin marigayi, tunda kundin a kammale yake. Aka ce ya kawo takardar mutuwa. Ya koma bariki, aka ce ba a rubuta mutuwar wanda ba a ga gawarsa ba. Ya dawo ya ce to a ƙara jira, aka ce doka ta ƙare. Shugaban sashe, Farfesa Babakura, mutumin kirki ne, shi ya kira shi ya faɗa masa da kansa.

"Saje, na yi iya yina. Ranar Litinin za a cire sunan. Kai ma wata uku ya rage ka ajiye aiki. Ka bar wa Allah."

Ranar Litinin da hantsi yana zaune, kundin a gabansa, aka yi sallama. Wata mata ce siririya cikin lafaya. Ya san ta, Siddiƙa ce matar Babagana. Sau da yawa ya gan ta a ƙofar bariki, amma kullum sai ya kauce, bai taɓa iya tsayawa su gaisa ba.

"Wushe, Baba," ta gaishe shi da Barbarci, ta durƙusa. Ta kwance wata leda, ta fito da takarda da ta sha ninki har ta soma yagewa. Tun kafin ta buɗe ya gane ta.

Ya ce, "'Yata, wannan takardar ba ta da sauran amfani. Kuma akwai abin da ya kamata ki sani. Ni ne na..."

"Na sani, Baba. A daren ya faɗa mini. Ya ce kun ce soja ba ya ɓuya a bayan takarda. Har dariya ya yi, ya ce Oga ya yi gaskiya."

Saje ya kasa ɗaga ido.

"Ban zo rigima ba," in ji ta. "Saboda 'yarmu Hanifa ce, shekararta biyar. Yaran unguwa suna ce mata babanta ya tafi ya bar ta tun ba a haife ta ba. Ina so in ta iya karatu in nuna mata cewa ya nemi ya zauna. Amma takardar da babu hannu, kowa zai ce ni na bugo ta a kasuwa. Ku taimake ni ku sa hannu."

Ya ɗauki biro. Ya rubuta sunansa. Ya zo wurin kwanan wata, ya tsaya.

"Wace rana zan sa?"

"Ta yau, Baba," ta ce. "Kada a yi mata ƙarya."

Ya rubuta ta yau.