Jar Shinkafar Kakarta

Lokacin da maigidana yake karatu a Greensboro ta Amurka, wajen ƙarshen shekarun tamanin, ƙofarmu na kallon ta wata nas 'yar Filifin. Ranar da na ce mata 'yar Manila, kai, ta ji haushi! Ta ce ita 'yar tsaunukan Mindanao ce, cikin mutanen da ake kira Lumad, waɗanda suke wurin tun kafin kowa ya zo.

Da muka saba ta nuna mini wani ƙulli a tsumma, bai cika tafin hannu ba. Irin shinkafar tudu ne, ja, na kakarta. Masu katako sun sare dajinsu, masu gonakin ayaba suka biyo baya suka kewaye gangaren da waya, dangi suka watse gari-gari suna cin shinkafar kanti. Su ba sa sayen iri. Uwa ke ba 'yarta, kowace shekara a shuka a sabunta. Ba ta san wani da ya rage da shi ba, kuma nata ya daɗe a ajiye, tana tsoron ya mutu a tsumma.

Na kai ta wurin wani Alhaji ɗan Zariya da ke noman yakuwa da kuɓewa a bayan gidansa a McLeansville. Ya yanka mata gefe guda, ya ce, "Baiwar Allah, ki shuka yanzu, zafin ƙasar nan ba ya daɗewa."

Ta ƙi. Wai a wurinsu ba a zuba iri sai an ji kukan kurciya daga ɓangaren da ya dace. Duk Asabar mu je, ta tsaya a bakin gona ta kasa kunne. Kurciyoyi kam ga su nan, amma ta ce muryarsu ba ita ba ce. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba! Kurciyar Amurka ta san yarenku ne?" Ta yi dariya, ta ce kakarta ba ta taɓa shuka ba sai ta ji kukan kurciyar.

Sai da Yuli ya kama ta haƙura ta shuka, duka, don ba ta san nawa za su tsiro ba. Suka tsiro kuwa, shar da su, har ƙugu. Ranar da suka fara fitar da kai ta yi musu waƙa da yarensu, ni ina tsinkar yakuwa ina dariya.

Sanyi ya sauka tun ƙwaya ba ta cika ba. Muka tarar da ganyen ya yi baƙi. Wallahi har yau abin na ci mini rai. Da ma an rage ko kaɗan a tsumman.

Ta murza kan shinkafar a tafinta, ta hura, babu abin da ya saura. Ta dube ni ta ce, "'Yar'uwa, yanzu ko an maido mana da tsaunin, me zan kai?"