Karan da 'Yata Ta Ce a Bari a Tsaye

Shekarar da na dawo Gwandu da zama, 'yata ta roƙe ni kusurwa ɗaya a gonata ta Maruda. A jami'a take nazarin ƙwayoyin halittar tsiro, yadda kowace ƙwaya ke gina bangonta. Ta ce in bangon ya yi laushi, ba a shan wahalar tatsar man mota daga kara. Ban yi mamaki ba, don a Barazil na taɓa shiga motar da ke tafiya da man rake. Ta shuka wata dawa mai taushin kara, ta kafa sharaɗi guda: bayan an yanke zangarniya, karan ya tsaya har ta zo ta auna.

To mu nan, da an kwashe amfani, kara na shanu ne. Akwai wani ardo tsarana daga wajen Kalgo, tun zamanin mahaifina garkensu ke sauka a gonar, su ci kara su bar taki. Ba a taɓa ce musu su dakata ba. Na yi ciniki da Larabci a Khartum, na yi gardama da Faransanci a Yamai, amma wannan magana ta yi mini nauyi. Kullum sai in hau kabu-kabu zuwa gona, in zagaya karan, in dawo ban je rugarsa ba. Na kira 'yata sau uku, jarrabawar ɗalibai ta riƙe ta.

Wata Talata na tarar da shanu a ciki. Sun tsallake karanmu na gida, sun cinye nata har gindi, saura layi ɗaya.

"Alhaji, wace dawa ce wagga?" in ji Ardo. "Har tsohuwar saniyata mara haƙori ta ci."

"Ta ɗiyata ce. Awo za ta yi."

"Kuma ka yi shiru? Bakinka ka baro a ƙasar waje?"

Shi da kansa ya kora su, ya saro ƙaya ya kewaye abin da ya rage.

Da ta zo, ta daɗe tsaye tana kallon gindin karan. Layi ɗaya bai isa awo ba, aikin damina guda ya tafi. Ta durƙusa ta gaida Ardo, ta tambaye shi wane kara shanun suka fara nufa, ta rubuta. Bana ta sake shukawa, kuma kafin ta iso gidana rugarsa ta fara zuwa.