Ranar Da Ƙanƙara Ta Same Mu A Gonar Auduga

Na tsufa, abubuwa da yawa sun shige mini duhu, amma ruwan da ya sauka a ƙarshen kakar nan ba zai taɓa fita daga raina ba. 'Yan shekaru ne bayan babban farin nan, ina amarya mai goyon ɗan fari a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Funtua.

Damina ta ɗauke fiye da wata guda. An yanke dawa tana kwance a gona, auduga ta fashe fari tas, kowa na sauri kafin a buɗe fuloti, wato kasuwar sayen auduga. Ran nan maigidana ya ɗaura wa shanu amalanke ya tsallaka rafi ɗauko dawa, ni da surukata kuma muka tsaya gonar auduga ta wannan ƙetaren. Na shimfiɗa wa yaron zani a gindin wata ɗorawa, ya yi barci.

Tun hantsi garin yake da wani irin zafi, ko ganye ba ya motsi. Bayan azahar na ɗaga kai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin.

"Inna, kin ga hadari kuwa?"

Ba ta ko daina cira ba. "Hadarin kaka ne, 'yar nan. Tsoratarwa yake yi ya wuce."

Ba ta yi ƙarya ba, haka aka saba gani. Amma wannan bai wuce ba. Iska ta fara zuwa da sanyi kamar an buɗe randa, ta ɗebi audugar da muka tara ta watsa sama. Sai na ji wani abu ya buge ni a kafaɗa, na ɗauka jifa ne. Da na duba ƙasa, ƙanƙara ce, wata ta kai ƙwan zabuwa.

A wancan zamani mace ba ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban surukai. Ranar ban san inda kunyar ta tafi ba. Na ruga ina kiran sunansa, na sure shi, na duƙa a jikin ɗorawar.

Gonarmu ta yi iyaka da ta wani dattijo Kirista, maƙwabcinmu. Shi na ji yana kira ta cikin iskar: "Ki bar gindin itacen nan. Ki zo nan, 'yata." Na ƙi motsi, don a ganina nan ne mafaka. Sai da ya zo da kansa ya ja ni zuwa wani kwazazzabo a bakin gonarsa. Ya juye babban kwandonsa ya kifa a kan yaron, ni da Inna muka rufa a kai, shi kuma ya tsaya a bayanmu da buhu a ka, ƙanƙarar na dukansa. Muna nan muka ji ƙara. Babban reshen ɗorawar ne ya tsage ya faɗi a kan zanin da na shimfiɗa.

Yaron ya yi ta tsala kuka, sai kuma ya yi shiru. Shirun nan ya fi komai tayar mini da hankali. Na tura hannu ƙarƙashin kwandon, na ji ya kama yatsana.

Da aka ɗauke ruwan, goshin Inna na jini, amma ba ta kula ba. Rafi take kallo. Rafin da aka tsallake da safe ba a jiƙa ƙafa ba ya cika maƙil, yana tafe da kara da dammunan dawar mutane. Can muka hangi sa ɗaya daga cikin namu a ƙetare, yana jan igiya, babu amalanke, babu mutum.

"Baba, ka hango shi?" Inna ta tambayi dattijon, tana nufin ɗanta.

"Tukuna. Mu dai jira."

Muka jira har la'asar ta yi sanyi. Duk damin da ruwa ya juyo da shi, sai na ga kamar riga ce. Daga ƙarshe wani ya ɓullo daga cikin karan gona yana ɗingishi, ya ɗaga hula. Maigidana ne. Ashe da ya ga shanun sun firgita, kwance su ya yi ya shige ƙarƙashin amalanken. Inna ta zauna a cikin taɓo tana hamdala. Bai samu tsallakowa ba sai dab da magariba.

Dawar da ta rage ta yi baƙi, wata ma ta tsira a kan zangarniya. Auduga kuwa ta zama laka. Tsofaffin garin suka ce ba su taɓa ganin irinsa a wannan lokaci ba. Shekarar nan baƙin tuwo muka ci, amma mun ci shi a cike, babu wanda muka rasa.

Abin da na koya shi ne, sabo ba tabbas ba ne. Kuma idan hankalinka ya tashi, wurin da kake gani mafaka yana iya zama halakarka, don haka ka saurari wanda ya tsaya daga nesa yana kiranka.